Saurayin Da Ba Ya Shan Zoɓona

Sallama gare ku 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Sunana Muhsina, haifaffiyar Kura, kuma abin da zan ba ku yau ko aminiyata ban zauna na warware mata shi daga tushe ba. Idan kun ga ina kwana-kwana ku yi haƙuri, haka bakina yake.

Sana'ata haɗa abin sha. Zoɓo, kunun aya, lemon citta, lemon tsamiya. Tun ina aji huɗu a sakandare nake yi, yanzu shekarata ashirin da uku, firij biyu gare ni a rumfar Umma, kuma da wuya ka shiga injin shinkafa a bakin titin Kura ba ka ga robata mai jan murfi ba. Zoɓona ba irin tsululun nan ba ne. Citta, kanumfari, ɓawon abarba, na'a-na'a, dabino, sannan sukari ba ƙyashin hannu. A wajen Gwaggo Sa'a na koya, yayar Babanmu, wadda ita ce uwar magani a danginmu. Basir ta ce sabara, zazzaɓi ta ce ganyen darbejiya da na gwanda, ƙarancin jini ta ce zogale da rama. Daga bakinta nake kwaso abin da nake ɗorawa a sitatus kullum da safe, mata suna ta turo mini godiya.

Ta wannan sana'ar Safwan ya same ni. Wata Asabar saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba: “Salam. Ke ce mai zoɓo? Ina son roba arba'in gobe da safe, a Kadawa, saboda masu tsinkar tumatir.” Ɗan Bunkure ne, aikin gona ya karanta, yana renon irin tumatir yana sayarwa, yana kuma noma nasa a bakin kanal. Dogo ne siriri, baƙi mai tsabta, maganarsa a hankali kamar mai tsoron ya tashi jariri. A oda ta uku ya tambaye ni sunan mahaifina. Sati bai zagayo ba ƙanin babansa ya zo ya nemi izini wajen Baba.

Babanmu Malam Dalhatu ne, mai Islamiyyar unguwarmu, manomin shinkafa kuma. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce ya riƙa zuwa zance Juma'a da Lahadi, bayan la'asar, a ɗakin zaure, kuma kafin kiran magariba baƙo ya kama hanya.

Ranar zancen farko ba ƙaramin shiri na yi ba. Atamfa koriya mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, mayafi ruwan madara, na turara jikina har Umma ta ce ko gidan zan ƙona. Na jera tire: zoɓo mai sanyi har robar tana raɓa, cincin, kek, dambun nama, da 'yar gyaɗa soyayya a gefe don cike gurbi. Ya yi godiya, ya tsiyayi ruwa, ya ɗebi gyaɗar nan, ya ɗan taɓa dambun. Har ya tafi zoɓon yana nan, ya huce ya zama kamar ruwan wanka.

Na ce kunya ce ta farkon zuwa. Lahadi na kawo kunun aya. Haka. Juma'a lemon citta. Haka. Mutumin da yake sayen roba arba'in duk sati, bai taɓa kai ɗaya bakinsa ba. Idan na yi magana sai ya ce yanzu ya ci abinci, ko ya ce ruwa ya fi masa.

To ni Allah ya yi ni da son sanin dalilin abu. Sai na bar sauraron hirarsa sosai, na koma kallonsa. Na lura da wata 'yar baƙar jaka da ba ya rabuwa da ita, ba ya barinta a mota, kuma in ya zauna sai ya tura ta ƙarƙashin kujera inda rana ba ta kaiwa. Na lura yana yawan duba agogo. Na lura akwai dabino uku ƙulle a leda cikin aljihun gabansa, kullum suna nan, ban taɓa ganin ya ci ba. Ranar da ya miƙo mini wayarsa in ga hoton gonarsa kuma na ga gefen yatsunsa da wasu ɗige-ɗige baƙaƙe ƙanana, kamar wanda ƙaya ta daɗe tana soka.

Na yi ta lissafi ni kaɗai. Ko gyambon ciki ne? Na markaɗa masa kabeji da karas na tace, na ce maganin olsa ne sadidan. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kurɓi kaɗan don kar in ji haushi. Ko irin samarin nan ne masu gudun tumbi? Wane tumbi, mutumin da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka. Da na gaji sai na tura masa saƙo.

“Wai zoɓona ne bai yi maka ba?”

“Ma'aikatana sun ce ranar da na canza mai zoɓo za su bar mini gonar.”

“Ba su na tambaya ba.”

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake. Can sai ga shi: “Wata rana zan gaya miki, Muhsina. Ki ba ni lokaci.”

“Wata rana ba ta cikin kalanda.”

Ya turo fuskar dariya, ya canza magana zuwa farashin kwandon tumatir.

Ba ni kaɗai nake ganin tiren yana dawowa yadda ya fita ba. Umma ta yi shiru wata guda, sannan ta gaya wa Gwaggo Sa'a. Gwaggo ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta ce ai abin a fili yake, tsoro yake kar a barbaɗa masa wani abu, uwarsa ce ta ja masa kunne. Wannan magana ta yi wa Umma ciwo. Ta ce gidan da ake karanta Alƙur'ani safe da yamma shi za a yi wa kallon gidan 'yan tsibbu? Daga ranar, in Safwan ya aiko da gaisuwa sai ta amsa da ka kawai, kuma kullum sai ta tuna mini cewa namijin da bai yarda da hannunki ba tun a waje, a cikin gida ma ba zai yarda ba.

Ashe wannan somin taɓi ne. Wata Laraba da hantsi Gwaggo ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba, ta ja Umma ɗaki, ni kuma na laɓe a jikin taga da ludayi a hannu. Ba kyau, na sani. Ta ce wata mata da take karɓar maganin sanyi a wajenta tana tsinkar tumatir a Kadawa, kuma da idonta ta ga Safwan a cikin mota ya ɗage riga yana soka wa cikinsa allura. Ta ce akwai ranar da aka gan shi da tsakar rana yana tangaɗi yana magana ba kai ba gindi, sai da aka zaunar da shi. Umma ta ɗauki salati. Ni kuwa ludayin ne ya suɓuce mini.

Da aka kai wa Baba, ya ce shi ba ya yanke hukunci da an ce ka ce, amma kuma ba zai yi wasa da 'yarsa ba. Safwan ya dakata da zuwa, Yaya Iliyasu, babban wanmu, ya je ya bincika. Ni kuma aka hana ni gaya masa dalili. Kwana uku ina amsa saƙonsa da “lafiya lau” da “to”. A raina ina cewa wannan mutumin mai sallah a kan lokaci, mai tsabtar farce, shi ne ɗan maye? Sai wata zuciyar ta ce to jakar fa? Yatsun fa?

Akwai odarsa ta Asabar da na riga na haɗa. Umma ta ce Yaya Iliyasu ya kai a adaidaitarsa, daga nan ya fara binciken, in bi shi don in ƙirga robobin da za a dawo da su, amma ko ƙafata kar ta taɓa ƙasa. Na zura hijabi ruwan toka har ƙasa, ko hoda ban shafa ba.

Wanda bai taɓa zuwa Kadawa lokacin tumatir ba ba zai gane ba. Ruwan kanal yana tafiya a hankali, kore ta ko'ina, kwanduna jajaye jere a bakin hanya, manyan motoci suna jiran lodi zuwa kudu, mata da malafa sun duƙa cikin kunyoyi. Rana ta take sosai lokacin da muka isa, sha biyu ta wuce. Yaya ya sauke kular zoɓon, ya nufi wajen masu lodi yana jan su da hira. Ni kuma na hango motar Safwan a ƙarƙashin wata darbejiya, shi yana tsaye ya jingina da ita. Ina da ragowar zoɓon da nake sha a hannu. Allah ya yafe mini, na sauka.

Ko gaisuwa ban yi ba. Na ce, “Safwan, allurar me kake yi wa kanka?”

Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Gumi yana zuba daga goshinsa har rigarsa ta manne, leɓensa ya yi fari, hannunsa yana rawa. Ya buɗe baki, maganar ta fito a narke, ban tsinci komai ba. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa.

'Yan uwa, a wannan lokacin na gama yarda da Gwaggo. Na juya zan tafi, sai na ji ya ce, da ƙyar, “Suga… ya sauka. Zaƙi.”

Na waiwayo. Ya ciro ledar dabinon nan yana ta fama da ƙullin, yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai. Ban fahimci komai ba, kalmar zaƙi kawai na riƙe. Na durƙusa, na buɗe robar hannuna na kafa masa a baki. Ya sha, ya sha, har ya kusa shanyewa. Na yage ledar da haƙori na ba shi dabinon. Na zauna a gefensa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Bayan kamar minti goma rawar hannun ta lafa, idonsa ya dawo irin wanda na sani. Ya dubi robar, ya dube ni.

“Ashe haka yake da daɗi,” in ji shi.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, kuma haushi ne ya fi yawa a ciki.

Ya jawo baƙar jakar daga mota ya zuge ta a gabana. Wata 'yar na'ura kamar ƙaramar waya, wasu 'yan tsinkaye a kwalba, auduga, da abu biyu masu kama da biro. Ya soki gefen yatsansa, ya ɗiga jini a kan tsinken, lamba ta fito: huɗu da ɗigo shida. Ya ce ɗazu da ya auna da bai kai uku ba. Ya yi allurar safe, ya karya a tsaitsaye, motar lodi ta makara, ya yi ta zirga-zirga cikin rana ya manta da cikinsa. Ya ce in suga ya faɗi haka mutum yake zama kamar wanda ya sha wani abu, in kuma ba a samu mai ba shi zaƙi ba yana iya suma.

Tun yana shekara goma sha huɗu yake da ciwon. Ya ce irin nasa ba irin na tsofaffi ba ne, jikinsa ne ya daina yin wani sinadari da ake kira insulin kwata-kwata, shi ya sa sai ya sa shi da allura, sau huɗu a rana, har iyakar rayuwa.

Ku ce tsoro ya kamata ya kama ni ko? Ya kama ni, amma daga baya. A lokacin tambayoyi ne suka yi mini rubdugu. Ana ɗauka? Ya ce a'a. Da zafi? Ya ce sauro ya fi ta. In ba wuta ina yake ajiye maganin? Ya ce ƙaramin tulu ya samu, ya binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ya sa maganin a gwangwani a ciki, kuma bai taɓa lalace masa ba. Wannan dabara ta burge ni har na manta fushi nake. Me yake ci? Wake, acha, alkama, ganye kowane iri, kuɓewa, gyaɗa, ƙwai, kifi. Tuwo da shinkafa ma yana ci, amma gwargwadon dunƙulen hannunsa, kuma kullum da yamma sai ya taka bakin kanal. Zaƙi ma ba haramun ba ne gare shi, sai dai sai ya lissafa allurar da za ta ɗauke shi, shi kuwa ba zai zuge jaka a zauren surukai ba.

Na ce to shuwaka fa, da garahuni? Gwaggona ta ce suna kashe suga har saiwarsa. Ya yi ɗan murmushi. Ya ce yana shekara sha shida wani mai magani ya rantse wa mahaifiyarsa cewa in aka ajiye allura aka riƙe jiƙonsa kwana arba'in an rabu da ciwon. Don so ta yarda. A kwana na shida aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa Kano, sai da ya yi kwana uku bai san inda yake ba. Har yau in ta tuna sai ta yi kuka. Ya ce miyar shuwaka yana shanta, yana sonta ma, amma miya ce, ba ta maye gurbin allura.

“To me ya hana ka ce in yi maka zoɓo marar sukari?”

“Da na faɗa, tambaya nawa za ki yi mini?”

Gaskiya ya faɗa. Sannan ya gaya mini abin da ya sa yake ɓoyewa. Shekara biyu da suka wuce ya nemi wata a Garun Mallam, har an sa rana. Ya faɗa musu da bakinsa, sati bai cika ba aka dawo da kayan sa rana. Ya ce ya yi niyyar gaya mini tun zuwansa na uku, kullum sai ya ce bari sai Juma'a mai zuwa. Ya ce ya san bai kyauta ba.

Kafin in tashi na miƙa masa yatsana na ce nima a auna ni. Ya canza tsinken sukar, ya ba ni na soki kaina ina runtse ido. Biyar da ɗigo uku. Ya ce lafiyata ƙalau. Ina ɗagowa na ga Yaya Iliyasu tsaye a bayan motar, ban san tun yaushe ba. Sai da muka shigo Kura ya ce shi dai abin da ya gani da wanda ya ji zai faɗa, har da saukar da na yi.

Da Umma ta ji ba maye ba ne sai da ta yi sujada. Amma murnar ba ta kai la'asar ba. Gwaggo Sa'a ta zo, ta ɗan ji nauyin abin da ta kawo, sai kuma ta gyara zama ta ce in dai suga ne ai abu ya zo gidan sauƙi. Garahuni, shuwaka, ɓawon maɗaci, kwana arba'in ya jefar da allurar nan a masai. In ya ƙi sha kuwa to ya raina mu ne. Daga nan ta rage murya, ta shiga lissafa wa Umma abin da ake faɗa a kan masu suga: wai ba sa haihuwa, wai ba sa iya riƙe mace, wai ƙarshenta a yanke ƙafa. Umma ta juyo ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

“Muhsina, jinya za ki aura?”

Abin da na iya cewa kawai, cikin ladabi, shi ne maganin Gwaggo yana da amfani a wurare da yawa, amma wannan ciwon in aka ajiye allura mutuwa ake yi. Tunda nake ban taɓa musa mata ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce yau ita Muhsina take koya wa magani, ta ɗauki mayafinta.

Ranar Lahadi ko roba ɗaya ban ɗura ba. Na kira wata 'yar ajinmu da take aikin jinya na yi mata tambayoyi har katina ya ƙare. Ta ce masu irin ciwonsa suna aure suna haihuwa suna tsufa, in suna kula, kuma matsalolin da ake faɗa suna zuwa ne in an bar sugan ya yi ta hawa shekara da shekaru. Ta ce amma kar in yaudari kaina, aiki ne na kullum, babu hutu. Da na ajiye wayar sai na tuna wani abu da na taɓa ɗorawa a sitatus, har na tura shi guruf uku: garahuni yana raba mutum da suga har abada. Mata nawa suka karanta? Wa ya sani ko wata ta ajiye maganin mahaifiyarta saboda ni? Na bi guruf ɗin ɗaya bayan ɗaya na rubuta cewa na yi kuskure, kowa ya riƙe maganin asibitinsa. Wata ta turo mini, “Ke da kanki?” Na ce ni da kaina.

In kun tambaye ni ko ina sonsa, ina sonsa. In kun tambaye ni ko ina tsoro, ina ji. Duk biyun a ƙirji ɗaya suke zaune, ba wanda ya kori wani.

Baba bai ce uffan ba, Asabar da Lahadi. Litinin da safe, zai fita makaranta, ya ce wa Yaya Iliyasu a kira yaron nan ya zo bayan la'asar, kuma ya taho da jakar.

Safwan ya zo cikin farin yadi da hula zanna baƙa, ya durƙusa a gefen tabarma. Baba ya sa aka kira ni, na zauna a bakin ƙofa na sunkuyar da kai. Yaya yana gefe. Umma da Gwaggo kuwa na san suna bayan ƙyaure, don ina jin ƙamshin man zafin Gwaggo.

Na zaci Baba zai fara da faɗan ɓoye-ɓoye. Sai na ji ya tambaye shi yadda ciwon ya faro, me ya fara ji a jikinsa. Safwan ya ce ƙishirwa ce da ba ta jin ruwa, da yawan fitsari, da rama alhali yana cin abinci, da kasala, wani lokaci ido ya riƙa yin hazo-hazo. Baba ya tambaya ko ciwo yana daɗewa bai warke ba. Ya ce yana yi. Baba yana saurare yana jan carbi.

Sai ya ajiye carbin, ya miƙa hannunsa na hagu.

“Auna ni.”

Safwan ya dubi Yaya, Yaya ya dube ni. Ya sa sabon tsinke, ya goge yatsan Baba da auduga, ya soka. Ni daga inda nake ba na hango lambar, fuskarsa nake kallo, kuma na ga lokacin da ta canza. Ya nemi ɗaya hannun ya sake.

“Baba, yaushe rabonka da abinci?”

“Tun sahur. Yau Litinin.”

Ya juyo da na'urar. Goma sha takwas da ɗigo ɗaya. Ni da aka ce biyar ɗina lafiya ce, ba sai an yi mini bayani ba. A lokacin na dubi mahaifina da kyau, irin kallon da na yi wata uku ina yi wa baƙo. Agogonsa ya zamo har tsakiyar hannu. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A ɗan yatsan ƙafarsa akwai wani tsumma ɗaure, inda lauje ya yanke shi tun kafin a fara tumatir. Gida ɗaya muke kwana, ban gani ba.

Baba ya ce wata huɗu ke nan yana jin duk abin da aka lissafa. Bai gaya wa kowa ba sai yayarsa, ita kuma ta ce zafi ne ya taru, tana ba shi jiƙo.

Safwan ya ce, a hankali, wannan na'urar ba likita ba ce, shi ma ba likita ba ne. Amma da mahaifinsa ne ba zai bar shi ya kwana da wannan lambar a gida ba, balle da ciwo a ƙafa. Ya roƙe shi ya sha ruwa tunda azumin nafila ne, su tafi asibiti yanzu.

Ƙyauren ya buɗe, Gwaggo ta shigo tana cewa Dalhatu ya bari ta canza haɗin, akwai wanda ba ta gwada ba. Ba ta ƙarasa ba kuka ya ci ƙarfinta. Baba ya ce, “Yaya, na sha naki wata huɗu, kuma don ƙauna kika ba ni. Allah ya saka. Bari in ji na wasu.” Ya karɓi kofin ruwa daga hannun Umma, ya yi bismilla ya sha, ya ce in ɗauko masa hularsa.

A bakin mota ya tsaya, ya dubi Safwan. Ya ce maganarmu bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma ɓoye musu da aka yi wata uku yana nan, za su zauna a kansa. Safwan ya ce ya ji, ya buɗe masa ƙofar gaba. Yaya Iliyasu ya shiga baya, suka tafi.

Muka dawo tsakar gida mu uku, ba mai kallon wani. Gwaggo ta zauna a kan turmi tana sharce hawaye. Umma ta shiga kicin, na ji ta ɗora tukunya, ta sauke, ta sake ɗorawa. Can ta leƙo da murfi a hannu, ta tambaye ni wai me ake dafa wa mai wannan ciwon. Na ce ta jiƙa wake, ni zan tsinko zogale. Gwaggo ta miƙe, ta karɓi ƙwaryar daga hannuna, ta nufi bishiyar da kanta.

Ana gab da kiran magariba wayata ta yi ƙara. Safwan ne.

“An ba Baba gado. Likita ya ce gara da aka zo yau, kuma ƙafar za ta warke in sha Allah. Baba ya ce a kawo masa tabarau da abinci, kuma ke za ki kawo tare da Umma. Ya ce akwai tambaya ɗaya da zai yi miki, a gabana yake so ki amsa.”

Na karanta sau uku, raina yana ba ni kan maganar aurenmu ce. Na rubuta “Wace tambaya?” na tura. Ya ce shi ma ya tambaya, Baba ya ce ba shi za a yi wa ba.